Katafila a tafin hannu: bitar samfurin D7 na kamfanin MiniArt

Duk Bahaushe ya san katafila. Yaro yakan san ta tun kafin ya san baƙi da wasali, domin ranar da ta shigo unguwa babu mai zama a gida, ko gyaran hanya aka zo yi ko rusau. Amma ba kowa ne ya taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba. Sunan wani kamfani ne na Amurka, Caterpillar, kalmar da a Turanci take nufin tsutsar nan mai ƙafafu da yawa da ke cin ganye. Bakinmu ya lanƙwasa ta har ta zama tamu, ta koma sunan duk wani inji mai tafiya a kan sarƙa, ko wane ne ya ƙera shi. Na yi shekaru ina faɗin kalmar, na ga katafiloli ba adadi a gefen titi, amma sai da na yi wata huɗu ina fama da wata 'yar ƙarama ta roba a kan tebur sannan na san abin da idona yake gani duk tsawon lokacin nan.

Aikin da nake son in yi bitarsa a cikin kwali yake zuwa. Kamfanin MiniArt na ƙasar Yukren ne ya fitar da shi, cikin jerin samfuran katafila ƙirar D7 da ya fara sakewa a shekarar 2015. Akwai mai injin jan kaya a baya, akwai mai sulke ta fagen yaƙi, akwai kuma masu ƙarfen tura ƙasa a gaba, wanda a nan zan riƙa kira garma. Wadda na haɗa mai garma ce, irin wadda ake ɗaga garmarta da igiyar ƙarfe. Idan ka buɗe kwalin, babu abin da ya yi kama da katafila a ciki. Rassan roba ne masu launin toka, kowane reshe ɗauke da ƙananan gutsattsari kamar 'ya'yan itace, ɗaruruwansu, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ga kuma ɗan littafin zane mai nuna wanne ke bin wanne. Yankewa, gogewa, liƙawa da fenti duk aikin mai saye ne.

Ma'aunin samfurin shi ne 1/35, wato duk santimita 35 a jikin katafilar gaske ta zama santimita ɗaya. Mutum mai tsawon santimita 175 zai koma santimita 5 daidai. Wannan ma'auni kamfanin Tamiya na Japan ne ya kafa shi, tun da tankar yaƙi ƙirar Panther da ya fitar a 1961, kuma asalinsa ba wani lissafi mai zurfi ba ne: girman da zai ɗauki batura biyu a cikinsa aka nema, da aka auna sai aka ga ya zo ɗaya cikin talatin da biyar. Daga nan duniya ta bi. Katafilar da ta kai kimanin tan 11 tun kafin a ɗaura mata garma, a wannan ma'auni daram take zama a tafin hannu.

Dole in ɗan koma baya, domin wanda bai san dalilin sarƙar ba zai ɗauka ado ce. A yankin Stockton na jihar Kalifoniya akwai wata fadama mai albarka da taushin ƙasa, inda manyan taraktocin tururi suke nutsewa har iya wuya. An yi ta faɗaɗa ƙafafunsu, abin bai yi ba. A ranar 24 ga Nuwamba 1904 Benjamin Holt ya gwada wata tarakta da ya cire wa ƙafafun baya ya maye su da sarƙa mai ɗaure da katakai, sai ga ta tana tafiya a inda 'yan'uwanta ke kafewa. Hikimar ita ce inji ya riƙa shimfiɗa wa kansa hanya a gaba yana naɗe ta a baya, nauyinsa kuma ya bazu a kan fili mai faɗi. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na abokin hamayyarsa C. L. Best, aka sami Caterpillar. A 1931 suka fitar da taraktarsu ta farko mai injin dizal, kuma a ƙarshen wannan shekarar suka bar fentin toka suka koma rawaya, don masu mota su riƙa hango injin daga nesa a wuraren aikin titi.

D7 ta bayyana a ƙarshen shekarun 1930, sai ga yaƙin da tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Sojojin Amurka da ƙawayensu suka kwashe ta da ƙannenta da yayyenta zuwa ko'ina. Katafiloli ne suka keta dajin da aka shimfiɗa babbar hanyar Alaska a 1942, mai tsawon kusan kilomita 2,700, cikin ƙasa da wata tara. Su ne suka baje filayen saukar jiragen sama a tsibiran tekun Pasifik, har babban kwamandan sojan ruwa William Halsey ya lissafa katafila a cikin abubuwa huɗu da suka ba su nasara a can, tare da jirgin ƙarƙashin teku da na'urar hangen jirage da jiragen sama. Turawan Ingila kuma suka yi wa wasu D7 sulke don share gaɓar Normandi a saukar 6 ga Yuni 1944. Duk da haka, a kasuwar samfura tankoki ne suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. Mai bindiga ake ɗauka hoto, mai share masa hanya kuwa sai a manta da shi. Yabona na farko ga MiniArt shi ne da suka ga wannan inji na leburanci ya cancanci irin kulawar da ake ba tanka, har ma fiye.

Da inji aikin yake farawa, kuma a nan ne samfurin ya kama ni. Tanka rufaffiya ce, mai ƙera samfurinta yana iya barin cikinta wayam babu wanda zai sani. Katafilar wancan zamani kuwa gefunanta a buɗe suke, hanjinta duk a waje. Saboda haka babu wurin ɓuya, kuma masu zanen ba su nemi ɓuya ba. Injin D8800 ne mai silinda huɗu, kusan lita 13.6, mai juyawa a hankali, sau dubu a minti ɗaya. Sun kawo shi gaɓa-gaɓa: gangar jikinsa, kawunansa, famfon mai, matatan mai, fanka da fanbel, lagireto, tukunyar tace iska, da bututun salansa mai tsayawa a tsaye. Kan kowane noti ya fito da kusurwoyinsa. Na yi mako biyu ina wannan sashe kaɗai, kuma da na ajiye shi a kan farar takarda, ko fenti bai sha ba, sai na ji kamar in bar shi haka.

A jikin babban injin akwai wani ɗan ƙarami manne da shi wanda ban gane kansa ba. Littafin zanen lamba kawai ya ba shi. Na sa abin a cikin kwalin ashana mai auduga na tafi wurin wani dattijo a unguwarmu da ya yi rayuwarsa yana gyaran manyan injunan aikin titi, yanzu ido ya fara rauni ya zauna. Ya ɗora shi a tafinsa, ya matsar da shi kusa da fuska, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗana, ina ka samo wannan?" in ji shi.

Na ce, "Baba, sayowa aka yi mini daga waje. Wannan na gefen ne ban gane ba."

Ya yi murmushi ya nuna da farce. "Ai wannan shi ne mai tashin babban. Fetur yake sha, silinda biyu gare shi. Waɗannan tsofaffin ba su san batir ba. Da asuba sai ka murɗa ƙaramin da hannu ya tashi, ka bar shi yana kuka, ruwansa yana zagayawa cikin babban yana ɗumama shi, zafin hayaƙinsa yana gasa iskar da babban zai shaƙa. Sannan ka haɗa su ya riƙa juya babban a sake, babu matsi, har mai ya hau. In ka ga ya yi laushi sai ka rufe matsin, ka buɗe masa gas. Ranar sanyi kuwa, sai ka sha shayinka ka gama bai tashi ba."

Ya laluba da yatsa ya gano 'yar tankin fetur ɗin ƙaramin, ya gano libar haɗa su, kowanne a inda ya san shi. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane gwaji a wurina. Mutumin da ya ƙona hannunsa a jikin injin gaske ya duba na roba bai ce an yi ƙarya ba.

Daga inji sai ƙasan jiki, inda na koyi abin da shekarun kallo daga nesa ba su koya mini ba. Ashe ƙafafun katafila biyu ba a ƙage suke da gangar jiki ba. Kowane ɓangare yana da nasa dogon sirdi mai ɗauke da ƙananan gare-gare biyar a ƙasa da biyu a sama. A baya an ɗaure shi a kusa da babban gare mai haƙora da ke jan sarƙa, a gaba kuma wani ƙaton sifirin mai ganye-ganye ne ya gitta ƙarƙashin inji ya dafa ɓangarorin biyu. Idan ƙafar dama ta hau dutse sai ta ɗaga ita kaɗai, ta hagu tana ƙasa, inji yana zaune lafiya a tsakiya. A bayan garen gaba akwai wani murɗaɗɗen sifirin da ke ja da baya idan dutse ya shiga tsakanin sarƙa da gare, don kada sarƙar ta tsinke. Samfurin ya sa ka haɗa duk wannan da hannunka, har da sassan da murfi zai rufe ba a ƙara ganinsu ba. Akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba. Wanda ya liƙa sifirin ɗin nan ya rufe shi, duk ranar da ya ga katafila tana hawa tudu ya san abin da ke aiki a cikinta.

Wurin zaman direba ma darasi ne. Babu sitiyari. Libobi ne a tsaye a gabansa kamar tsirin dawa: ta kuloci da ake ja da hannu, ta giya, ta gaba da baya, da biyu na juyawa, ga matakan birki biyu a ƙasa. Don a karkata dama sai a ja libar dama ta yanke ƙarfi daga sarƙar wannan gefe, in ana son juyi mai kaifi a taka birkinta, sarƙar hagu ta zagayo da injin. Tankin mai shi ne majinginar kujera. Babu rufi, babu gilashi, rana da ƙura duk a kan mutum suke ƙarewa.

Sai sarƙa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun wannan aiki a nan yake. Kowace gaɓa ta sarƙar daga gutsattsari daban-daban ake haɗa ta, tafin da ke taka ƙasa da ƙasusuwan ciki da ke riƙe shi da na gaba, kuma gaɓoɓin sun haura talatin a kowane gefe. Kowane gutsure sai an yanke shi daga reshe da reza, an goge wurin yankan da samfefa, an ɗauke shi da hantsaki. Gam kuma da tsinken sakace ake ɗiga shi, domin in ya malala cikin mahaɗa gaɓar ta ƙage ke nan. Gaɓa shida nake yi a dare, bayan sallar isha'i, in tashi. Ladan ya zo ranar da na ɗora sarƙar a kan gare-garenta, ta kwanta da ɗan lanƙwasar nauyi tsakanin na sama biyu, haƙoran babban gare suka faɗa cikin ramukansu. Sarƙar roba mai zuwa a dunƙule, irin ta tsofaffin samfura, ba ta taɓa ba da wannan kwanciyar.

Garmar kuwa tana ɗauke da nata tarihin. A wancan lokaci Caterpillar tarakta kawai yake ƙerawa, wasu kamfanoni ne ke yin garma, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne na R. G. LeTourneau. Ganga ce a bayan tarakta da inji ke juyawa, igiyar ƙarfe ta taso daga nan ta bi ta saman kan direba zuwa wani tsani a gaban lagireto, ta sauko ta kama garma. Igiya tana iya ɗagawa amma ba ta iya dannawa, don haka nauyin garmar ne kaɗai ke sa ta cizon ƙasa, sauran kuma gwanintar direba ce. Na zura siririn zare ta cikin ƙananan kurayen, na shafa masa kakin zuma don gashinsa ya kwanta, na ja shi ya miƙe. Wannan tsani da igiya su ne suka ba injin kamanninsa na da, wanda bai yi kama da katafilolin yau masu hannayen mai ba.

Ina da abin cewa game da inda aikin ya gaza. Littafin zanen yana da tsabta, amma bebe ne. Yana nuna maka lamba kaza ta hau kan lamba kaza, ba ya gaya maka mene ne abin ko aikin da yake yi. Wannan al'ada ce ta kusan duk masu fitar da samfura, saboda suna sayarwa ga masu harsuna da yawa, amma a samfurin da darajarsa duk a bayyana yadda inji ke aiki take, rashin ko da shafi guda na sunayen sassa asara ce. Ba kowa ne ke da dattijo irin nawa a unguwarsu ba. Na biyu, son gaskiyar ma'auni ya sa wasu bututu da libobi sun yi siriri kamar gashin doki, kuma an raba wasu sassa gida uku ko huɗu inda biyu za su wadatar ba tare da ido ya ga bambanci ba. Wanda bai taɓa haɗa samfur ba kada ya fara da wannan. Ya nemi mai sauƙi tukuna, hannunsa ya faɗa, sannan ya dawo. Haka kuma mai haɗawa sai ya yi wa kansa tunanin inda zai tsaya ya yi fenti, domin idan ya bi zanen tiryan-tiryan har ƙarshe zai tarar da lunguna da burushi ba ya kaiwa. Ni gida biyar na raba aikin: inji, gangar jiki, sirdin ƙafafu, sarƙa da garma, kowanne ya sha fentinsa kafin su haɗu.

Fenti shi ne rabin da kwali ba ya iya ba ka, kuma a nan ne samfur ke komawa naka. Na yanke shawarar ba zan yi ta soja ba. Bayan yaƙi an sayar da injuna da yawa na soja ga manoma da 'yan kwangila, aka shafe koren kaki da rawaya aka ci gaba da aiki da su shekara da shekaru. Irin wannan nake so, mai riga biyu. Na fara da shafen ƙasa mai duhu kamar tsohon ƙarfe. A kansa na fesa koren soja, wanda asalinsa haɗin rawayar ƙasa da baƙi ne. Da ya bushe na fesa man feshin gashi na mata, dabarar da wani mai wannan sana'a, Philip Stutcinskas, ya shahara da ita, sannan na rufe da rawaya sama-sama. Man gashin ruwa yana narkar da shi, saboda haka idan ka jiƙa burushi mai tauri ka goga, rawayar sai ta ɓantare ƙanana-ƙanana kamar yadda fenti ke ɓarewa a jikin ƙarfe, koren ya leƙo daga ƙasa. Rawayar ma sai da na sirka ta da ɗan fari, domin launi a ƙaramin abu yakan fi nauyi a ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A lokacin hunturu na yi wannan aiki, kuma na yi kuskuren barin murfin inji a buɗe a kan tebur fentinsa bai gama shan iska ba. Kafin gari ya waye ƙurar buji ta zauna a kansa ta kama. Sai da na kankare shi na sake daga farko. Tun daga ranar duk abin da na fesa sai na kife shi da roba mai murfi.

Sashen da ya fi daɗi, kuma ya fi haɗari, shi ne tsufar da injin. Wannan fanni yana da malamansa. Sheperd Paine na Amurka, wanda takardunsa na koyarwa suka riƙa zuwa cikin kwalayen kamfanin Monogram a shekarun 1970, kuma ya wallafa littafinsa kan shirya ƙananan fage a 1980, shi ya nuna wa mutane da yawa cewa samfur labari yake bayarwa. François Verlinden na Beljiyam ya yaɗa dabarar goga busasshen burushi a kan gefuna don su fito. Daga baya Mig Jimenez na Sifaniya da tsararsa suka zo da garin launi da siraran wanke-wanke na fentin mai. Duk na amfana da su. Amma yayi ya kai wasu masu bin sawunsu ga zuba tsatsa ko'ina, har ka ga injin da aka ce yana bakin aiki ya yi kama da wanda aka tono daga ƙasan kogi. Katafila kuwa tana jan mutum zuwa wannan, tun da kowa ya san ba injin kwalliya ba ne.

Ni ma na faɗa. Na yi wa sarƙar ja-ja-wur da tsatsa na kai wa dattijon ina jin daɗi. Ya juya ta sau biyu ya girgiza kai.

"Wannan ta shekara uku a ajiye," in ji shi. "Kai kuma ka ce mini tana aiki. Injin da ke aiki ƙasa ce ke wanke masa ƙafa kullum. Dubi nan, bakin tafin nan da ke cizon ƙasa, fari yake fes kamar azurfa. Nan ciki inda gare ke bi, shi ma haka. Haƙoran nan ma haka. Fuskar garma kuwa har fuskarka kana gani. In tsatsa kake so, je ka salansa."

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya koya mini ke nan, cewa kowane tabo a jikin inji yana da mai shi, kuma aikin mai fenti shi ne ya san wanda ya yi shi kafin ya zana shi. Na wanke tsatsar. Na goga bakin fensir a kan gefunan tafukan sarƙa da haƙoran gare da leɓen garma, na murza da yatsa har suka ɗauki ƙyallin ƙarfe. Salansa ta sami jan tsatsarta da baƙin hayaƙi a baki. A gindin kowane gare na ɗiga baƙin fenti mai maiƙo inda giris ke tsattsafowa, na barbaɗa ƙura a kai, domin giris ba ya zama shi kaɗai. Daga bakin tanki na ja siririn zirin mai da ya zubo wajen ɗura. A daɓen ƙarfe na cinye fentin a wuri biyu, daidai inda dugadugan direba ke zama, na kuma cinye shi a gefen da yake dafawa ya hau. Ƙurar kanta daga ainihin jar ƙasar burji na samo ta, na daka na tankaɗe da tsumma mai laushi, na haɗa da garin alli mai launi don ta yi haske, na kafe ta da ɗigon tina. Ta taru a lungunan sirdi da bayan garma, inda iska da girgiza ba sa kore ta.

A nan ne na ƙara ganin ingancin ƙirar. Siririn fenti mai duhu idan ka ɗiga shi yana bin duk wani tsagi da gindin noti da kansa, amma sai in akwai tsagin da notin. A samfurin da aka yi wa ƙirar ganganci, wankin sai ya kwanta ya zama datti. A wannan kuwa duk inda na taɓa da bakin burushi sai wani abu ya fito da ban lura da shi ba a da. Mutanen da suka auna injin gaske suka sassaƙa tukwanen zubin robar nan babu sunansu a gaban kwali, amma hannunsu yana nan a kan kowane noti.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yara suna fafe karan dawa suna haɗa mota da ɓawonsa da totuwarsa, ko su yanka gwangwani da tsohon silifa su fitar da tirela har da madubinta. Yaron da ya yi wannan ya tsaya ne ya kalli motar gaske da kyau, ya ga inda taya ke shiga da inda ƙofa ke buɗewa. Ni ma da motar kara na fara. Abin da kwalin nan ya ƙara mini shi ne ma'auni da tarihi, amma kallon iri ɗaya ne. Zan so in ga malaman makarantun koyon sana'a sun ajiye irin wannan samfur a aji, domin ɗalibi zai fahimci yadda nauyi ke sauka daga inji zuwa ƙasa a cikin minti goma da shi a hannu, abin da zanen allo zai daɗe bai isar ba.

Na yi mata ɗan fage a kan katako mai faɗin littafi: gefen hanyar burji da ba a gama ba, tarin jar ƙasa a gaban garma, da sawun sarƙa biyu a baya, waɗanda na buga da ragowar gaɓoɓi tun ƙasar tana da danshi. Kujerar na bar ta babu kowa, na ajiye ɗan tsumma mai baƙin mai a kan tanki, garmar kuma na sauke ta ƙasa yadda direba ke yi idan zai tashi.

Da na kai wa dattijon a karo na ƙarshe, 'yan jikokinsa suka kewaye mu, yana kore hannayensu. Ya sa a kawo masa tabarau. Ya bi igiyar da ido tun daga ganga har garma, ya duba haƙoran gare, ya leƙa gefen inji inda ɗan ƙaramin yake. Sannan ya miƙa ɗan yatsansa ya tsayar da shi dab da libar kuloci, bai taɓa ba.

"Wannan kan libar ka bar shi da fenti," in ji shi. "Tafin hannu yana cinye shi cikin wata ɗaya. Je ka goge."

Na koma gida na ɗauko fensir.